Filtarka Takarda Ce, Alhaji, Kuma Tana Tsufa

Jama'a, yau da masu mota nake, su ma ba duka ba. Da waɗanda nake su ne masu shiga gareji yin juye, su tsaya a kan bakanike hannu a aljihu, su ce, "Baƙin man kawai za ka canza, filtar nan lafiyarta ƙalau." Ranka ya daɗe, wa ya ba ka labarin lafiyarta? Gaisawa kuka yi? Abin da idonka ya gani gwangwani ne mai fenti. Shi kuwa gwangwani ko shekara biyar ya yi a jikin inji, da zarar yaron gareji ya goge shi da tsumma sai ya hau ƙyalli. Mai aikin tana can ciki a ƙunshe, kuma takarda ce.

Na san nan take wani ya taɓe baki ya ce, "Kai, malamin nan akwai shaci-faɗi. Takarda a cikin inji?" E, Alhaji, takarda. Yawancin filtocin da ke jere a shagunan masu kayan gyaran mota, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Ladipo a Legas, in ka yanka su abin da za ka tarar ke nan: doguwar takarda mai kauri, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, an ninke ta ninki-ninki, an zagaya ta jikin wani bututun ƙarfe mai huje-huje, an liƙe samanta da ƙasanta da gam. Da zaren itace ake yin ta, danginsu ɗaya da takardar littafin ɗanka, sai dai ita an jiƙa ta da wani ƙaro na sinadari an gasa, don ta yi tauri ta jure zafi. Baƙin mai yana shigowa ta ƙananan ramukan da suka kewaye bakin filta, ya ratsa takardar daga waje zuwa ciki, ya fita ta babban ramin tsakiya ya nufi metal da karanshaf. Ninkin kuwa dabara ce ta cusa takarda mai faɗi cikin ɗan ƙaramin gwangwani.

To, wanda ɗazu ya rantse ba takarda ba ce, yanzu ya tsallaka ɗaya gefen yana cewa, "In dai takarda ce, ai tuni ta narke ta zama kunu a cikin mai." Sannu, Alhaji, da saurin sauya sheƙa. Ba ta narkewa. Ruwa ne ke shiga tsakanin zare da zare ya raba su, shi ya sa takarda ke dagargajewa in ruwan sama ya dake ta. Mai kuwa sai dai ya jiƙa ta ya wuce abinsa. A Amurka ma, cikin shekarun 1950, wani mai suna John Frantz ya ƙera filtar da ake cusa wa naɗin takardar shiga bayi, e, tishu dai da ka sani, mutane kuma suka saya suka ɗaura wa motocinsu shekara da shekaru. In tishu bai narke a baƙin mai ba, ina ga takardar da aka gasa da ƙaro?

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana nan bakin layinku, a kan dakali ko a saƙale tsakanin turakun wuta biyu: taransifoma. Tsakanin naɗe-naɗen wayar da ke cikinta takarda aka shimfiɗa, aka nutsar da komai cikin mai. A haka taransifoma ke yin shekara 30 ko 40 tana aiki, in ba a jibga mata kayan da ya fi ƙarfinta ba (namu na unguwa dai kowa ya san irin wahalar da suke sha).

Ga mai ƙin canza filta can ya fara washe baki, wai na kawo masa shaida da kaina. Dakata da tafin tukuna. Su injiniyoyin wutar lantarkin nan sun fi kowa nazarin tsufan takarda a cikin mai, don ran taransifoma a jikin takardar yake. Ranar da ta mutu, taransifoma ta mutu. Abin da suka gano shi ne zaren itace wata doguwar sarƙa ce ta sinadari, mai gaɓoɓi 1,000 ko fiye in takarda sabuwa ce. Zafi da ruwa da asid suna ta tsinka sarƙar nan a hankali. Idan tsawonta ya sauko wajen gaɓa 200, takardar ta gama yawo: tana nan a idonka yadda take, amma kana lanƙwasa ta sai ta karye. Har ƙa'ida suke da ita, cewa daga wajen digiri 98 a ma'aunin Salshiyas, duk ƙarin digiri 6 yana rage rabin kwanan takardar. Wannan fa a cikin tanki rufaffe ne, da mai tsabtatacce wanda aka ƙafar da ruwansa, ba girgiza, ba hayaƙi.

Yanzu mu buɗe bonet mu ga gidan da ka ajiye taka takardar.

Zafi dai ba sai an yi dogon bayani ba. Mota in ta kama hanya, baƙin manta yana kaiwa digiri 90 zuwa 110, ya kuma haura haka in an shaƙe ta da kaya, ko ta maƙale a cunkoso da tsakar ranar Afrilu. Ruwa ne abin da mutane suka fi musu a kai. "Ni ban taɓa shiga kogi da motata ba." Ba sai ka shiga ba, yallaɓai, injinka da kansa yake ƙera ruwa. Duk litar fetur da ya ƙona tana haifar da kusan litar ruwa guda. Mafi yawansa tururi ne da ke fita ta salansa, shi ne ɗigon da kake gani da sassafe. Amma wani kaso yana silalewa ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai. In tafiya doguwa ce, mai ya yi zafi sosai, ruwan ya ƙafe. In kuwa aikin motar daga gida ne zuwa makarantar yara, daga nan kasuwa, sai masallaci, inji bai gama ɗumi ba an kashe shi, to ruwan yana nan yana taruwa. Takardar filta kuma mai son ruwa ce, tana tsotse shi, zarenta ya kumbura ya yi laushi.

Asid kuwa daga farar wutar da ke cikin fetur da dizal yake samuwa: ta ƙone, ta haɗu da ruwan nan, ta zama abu mai ci. A nan mu 'yan Afirka ta Yamma muna da namu tabon. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke turo mana man da ba zai sayu a Turai ba. Turai ta ƙayyade farar wuta a kashi 10 cikin miliyan. A lokacin dokar Najeriya ta yarda dizal ya kai kashi 3,000. An tsaurara doka daga baya, amma wanda ya saba sayen mai a galan a bakin titi ya san ba takardar gwaji ake haɗa masa da ita ba. Gaskiya ne masu haɗa baƙin mai suna zuba masa sinadaran kashe kaifin asid, sai dai ƙarewa suke yi da tafiya. Kuma ka lura, ranar da ka zuba sabon mai ka bar tsohuwar filta, ka bar tsohon man da ke cikinta, wanda a filtoci da yawa ya kai rubu'in lita. Da shi za a yi wa sabon man naka maraba.

Ban da wannan duka, ga duka. Man da ke injin ƙaramar mota lita 4 ne ko 5, kuma in tana gudu, gaba ɗayansa yana ratsa takardar nan sau da yawa cikin minti guda, famfo na tunkuɗo shi da ƙarfi, ya matsa ya saki, ya matsa ya saki. Mafi munin lokaci shi ne asubahin hunturu. Man nan mai kauri da muka fi so, 20W-50, ya kwana ya daskare, direba ya tayar da mota ya hau taka totur wai don ta yi zafi. Duk ƙarfin nan a kan ninkin takarda yake sauka. Sabuwa takan lanƙwashe ta dawo. Wadda zafi da asid suka gasa tsawon shekara biyu kuwa sai ta tsage a bakin ninki, ko ta ɓalle daga gam ɗin da ya riƙe ta, ko ninkin ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa. Duk matar da ta taɓa tace gasara da ƙyallen da ya huje ta san sauran bayanin: dusa ta ramin za ta bi.

Sai kuma babban mai musu, shugaban majalisa, wanda ya yi shiru tun ɗazu yana kaɗa makulli. Ya gyara zama ya ce, "Malam, duk wannan surutun boko ne. Shekara uku rabona da canza filta, ga motar nan, kullum sai ta je Kaduna ta dawo, ko tari ba ta yi."

Masha Allah, Allah Ya ƙara mata lafiya. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ba na ma neman shaida. Sai dai tafiyar motarka ba ta ce komai game da filtarka ba, kuma da gangan aka ƙera ta haka. Masu ƙera inji sun zauna sun auna: wanne ya fi, metal ya sami mai mai datti, ko ya rasa mai ɗungurungum? Na farko kisan mummuƙe ne, na biyu kuwa cikin 'yan mintoci inji ya buga. Sai suka zaɓi na farko, suka yi wa mai ɓarauniyar hanya. A cikin filta, ko a jikin injin inda ake ɗaura ta, akwai wani bawul da sifirin ke danne da shi. Da zarar takarda ta toshe har mai ya kasa ratsa ta yadda ake so, sai matsi ya ture bawul ɗin, mai ya kewaye takardar ya wuce kai tsaye, da ƙurarsa da garin ƙarfensa. Ba ƙara, ba wari, ba fitila. Jar butar nan da ke kan dashbod ba ruwanta da tsabtar mai. Matsi kawai take gadi, shi ma sai ya faɗi ƙasa warwas take kamawa. Saboda haka filtarka ta toshe, ko ta yage, ko ma wani ɗan iska ya sayar maka da gwangwanin da ba komai a ciki, motar za ta je Kaduna ta dawo. Uku ɗin duk tafiyarsu ɗaya. Wanda ya ce motarsa na tafiya don haka filtarsa na aiki, abin da ya tabbatar kawai shi ne ɓarauniyar hanyar tana aiki.

"To ɗan dattin da ido ba ya gani, me zai yi wa ƙarfe?" Wanda ido ba ya gani ɗin ai shi ne ɗan ta'addan. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Takardar filta ta gama-gari tana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 40 ya yi sama. Shimfiɗar man da ke raba karanshaf da metal kuwa, in inji na jan kaya, 'yan maikiron ce ƙalilan. Duk ƙwayar da ta kutsa wurin sai ta yi karce kafin ta fita, ta zagayo ta sake yi. Ƙurar da muke shaƙa, har da ta hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, yawancinta dangin yashi ce, ta fi metal tauri nesa ba kusa ba, kuma filtar iska ba ta tare ta duka. A 1988 wani injiniya na kamfanin General Motors, David Staley, ya fitar da sakamakon gwajin da suka yi: da aka sauya filtar maikiron 40 da ta 30, cin ƙarfen inji ya ragu da rabi, da aka sa ta 15, ya ragu da kashi 70 cikin ɗari. A ɗakin gwaji aka yi, da gangan aka riƙa zuba wa injunan ƙura, don haka kada wani ya ɗauki lissafin ya manna wa Corolla ɗinsa. Amma in bambancin filta mai kyau da wadda ta fi ta kyau ya kai haka, sai ka ƙiyasta na mai tacewa da wadda mai ke kewayewa.

Sakamakon ba ranar yake zuwa ba, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Sai bayan shekara biyu ko uku mota ta fara shan mai, salansa ta fara shuɗin hayaƙi, wata rana a ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji. A nan ne za a jero masu laifi: bakanike bai iya aiki ba, gidan mai sun cuce ni, tun ranar da maƙwabcina ya yaba motar nan ban sake jin daɗinta ba. Kowa zai sha zargi ban da gwangwanin da aka ce lafiyarsa ƙalau.

Akwai dattijo a gefe da ke ta gyaran murya. Bismillah, Baba. "Yaro, ni na riƙe Bitil tun ana harhaɗa ta a Legas. Ba ta da filta ko ɗaya, kuma ta kai ni Maiduguri ta dawo da ni." Allah Ya ƙara girma, Baba, gaskiyarka. Bitil ba ta da filtar takarda, 'yar ragar waya ce kawai a ƙasan inji da ake cirewa a wanke, ko da yake tun 1923 wasu Amurkawa biyu, Ernest Sweetland da George Greenhalgh, suka fito da filtar mota mai suna Purolator. Haka ma ƙananan babura da dama, irin Honda CG125, da raga da wani ɗan kofi mai juyawa yana wurgar da datti gefe suke aiki. Amma Baba, ka faɗa wa jikokinka sauran labarin mana: duk kilomita 5,000 ake yi wa Bitil juye, kuma a zamaninku sauke inji a sa masa sabon ringi da metal abu ne da kowane mai mota ya saba da shi. Injin yau yana da siraran hanyoyin mai da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul, irin wanda Toyota ke rubuta wa VVT-i a murfi. Wasu suna da tabo mai juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan shimfiɗar mai yake shawagi. Abin da Bitil za ta haɗiye ta yi gyatsa, su kwantar da su yake yi.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ɗan boko mai tabarau, don shi da littafi ya zo. Ya buɗe littafin Honda ya nuna mini inda kamfanin da kansa ya ce a canza filta sau ɗaya cikin juye biyu. Haka ne, Malam, ba ka ƙara ko wasali ba. Honda ta daɗe tana rubuta haka a littattafan motocinta da dama. Kuma wannan ya isa ya kwantar da hankalin masu fargaba: takarda ta kirki, a cikin wa'adin da aka ɗibar mata, ba abin da ke samun ta. Wata shida ko shekara ba sa mayar da ita gari. To amma juya shafi. Kusan kowane littafin mota yana da jadawali na biyu, na aiki mai tsanani, inda ake rage wa'adin, galibi da rabi. Karanta sharuɗɗan da ƙarfi kowa ya ji: hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa inji na aiki mota na tsaye, tsananin zafi, kaya mai nauyi. Wanne ne babu a unguwarku? Sannan wanda ya rubuta littafin yana zaton filtar asali ka ɗaura, yana zaton fetur ɗinka mai tsabta ne, yana kuma zaton mitar motarka na ƙirga kilomita. Tsakaninka da Allah, mitar nan ba tun a Kwatano ta daina motsi ba? Da me kake ƙirga juye biyun?

Shi ɗan bokon yana da wata kibiyar: wai tsohuwar filta ta fi sabuwa tacewa, don dattin da ya taru yana ƙara tsuke ramukan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, na ɗan lokaci. Ramuka na tsukewa, mai na ƙara shan wuyar wucewa, har ranar da sifirin zai sallama. Daga nan tacewar da ta fi kyau ɗin ba mai ratsa ta.

In kana son shaidar cewa su masu ƙera mota sun san iyakar takarda, dubi abin da suka yi da suka tashi tsawaita wa'adin juye. Mercedes-Benz, alal misali, ta koma wa filtar foliyesta a injunanta da dama. Wasu kamfanonin suna amfani da zaren gilashi, ko su gauraya shi da na itace, wani lokaci da ragar waya a baya tana tokare ninkin. Foliyesta da zaren gilashi ba sa shan ruwa, asid bai cika damun su ba, ramukansu sun fi ƙanƙanta sun kuma fi daidaito. A nan ne 'yan gayu ke faɗawa rami: mutum ya sayi man roba mai tsada da aka rubuta wa kilomita 15,000, ya haɗa shi da filtar da ta fi kowacce araha a shago, ya tafi yana taƙama. Man zai iya kaiwa. Takardar ce ba da ita aka yi alkawarin ba.

Ina abokan wasana Kanawa? Ku matso, wannan sakin layin naku ne, don na san dabarar wanke filta da fetur ba za ta wuce ƙirƙirarku ba. Mutumin da zai yi ciniki awa guda a kan naira hamsin ba zai jefar da gwangwani mai fenti ba. A kwance ta, a ɗura mata fetur, a jijjiga, a zubar da baƙin ruwa, a hura mata iskar kwamfiresa, a mayar, Alhaji ya tafi yana murna ya ci riba. Abin da ya fita tsohon mai ne kawai. Dattin yana can a cuɗe cikin kaurin takardar, tsakanin zare da zare, fetur ba ya zaro shi. Iskar kwamfiresa kuwa in ta sami tsohuwar takarda, ƙarasa ta take yi. An shiga da filta mai toshiya, an fito da mai ɓaraka, har da biyan ladan aiki.

Sai masu motar ado, wadda ke kwana a rumfa cikin rigarta, ba ta fita sai Juma'a ko ɗaurin aure. Hajiya ta ce, "Ni fa motata ko kilomita 2,000 ba ta yi ba cikin shekara biyu." Hajiya, Allah Ya bar zumunci, amma littafin cewa ya yi kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga zuwa. Takardar tana jiƙe cikin tsohon mai dare da rana, ko mota na tafiya ko tana barci, kuma irin fitar taki ce ma ta fi tara ruwa. Ban da takarda, akwai wata roba a bakin filta daga ciki, aikinta ta hana mai tsiyayewa ya koma ƙasa in an kashe mota. A filtoci masu araha baƙar roba ce, zafi da daɗewa suna busar da ita ta yi tauri ta daina rufewa. Ita ce sau da yawa ke jawo ƙarar nan ta kar-kar-kar da ake ji na 'yan daƙiƙu in an tayar da mota da safe: ƙarfe ne ke gugar ƙarfe kafin mai ya iso. Masu jar roba ko ruwan lemo, ta silikon, sun fi jimiri. Leƙa ta ƙananan ramukan kafin ka biya, za ka hango launinta.

Duk wannan bayani fa a kan filtar gaske nake yin sa. Jabu kuwa ba ta buƙatar tsufa, da cutarta aka haife ta: takarda 'yar kaɗan, ninki a warwatse, gam na jeka-na-yi-ka, wata ma ba bawul. Kwalin ya fi abin da ke ciki tsada. Ɗaga ta ka ji nauyinta, leƙa ramin tsakiya, duba zaren ɗauri ko ya fita sumul, ka kuma riƙe shago ɗaya da ka san mai shi zai ji kunyar ka. In farashin ya yi daɗin da ya ba ka mamaki, mayar masa da abinsa.

Masu motocin da filtarsu ba gwangwani ba ce, wato wadda ake kwance murfi a zaro takardar tsirara, kamar Benz da Golf da wasu Camry da Corolla, ku ba ku da uzurin musu. Kanikawanku sun sha zaro wadda ta wuce wa'adi a murɗe, a tsuke, tana ɓarɓashi a hannu. Ku tambaye su.

Mu Zagezagi da muke da makarantar koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, bari mu ɗan yi wa sauran jama'a karatu. Kamfanin Lycoming na Amurka, mai ƙera injunan ƙananan jirage masu fistin, umarninsa shi ne a canza mai da filta duk awa 50 na tashi, ko duk wata huɗu, wanda ya riga zuwa. Kuma ba a jefar da tsohuwar haka nan. Sai an yanka ta, an baje takardar, an duba ko akwai garin ƙarfe. Su a can sama ba gefen titi da za a faka a kira bakanike, shi ya sa ba mai cewa lafiyarta ƙalau daga kallon fenti.

Kai ma ba abin da zai hana ka. Juye na gaba, karɓi tsohuwar filtarka, kifa ta ta tsiyaye, a yanka gwangwanin ta wajen baki da almakashin masu yankan kwano. Zarto yana zuba garin ƙarfe ya ɓata maka shaida. Zaro takardar, yanki tsawon taƙi guda, matse man da tsumma, ka baje ta a rana. Duba bakin ninki ko akwai tsaga. Duba ko akwai ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, don in akwai shi da yawa, maganar ta wuce ta filta. Sannan lanƙwasa ta biyu. In ta lanƙwashe ba ta karye ba, wa'adin da kake bi ya yi, ci gaba da shi, ka kuma zo majalisa ka yi mini dariya son ranka. In ta ce ƙaras, to Alhaji, daga yau duk juye da sabuwar filta, kuma kada ta shekara a jikin inji ko da motar ba ta fita ƙofar gida ba.